Masu Ba Jirage Hannu: Daga Tuta Zuwa Tauraron Ɗan Adam

Ran 7 ga Afrilun 1922 jirage biyu suka tashi, ɗaya daga Landan zuwa Paris ɗauke da wasiƙu, ɗaya daga Paris zuwa Landan ɗauke da fasinja uku. Ana yayyafi, hazo ya lulluɓe arewacin Faransa. A wancan zamani matuƙi ba shi da jagora sai idonsa: ya leƙa ƙasa, ya sami hanyar mota ko layin dogo, ya bi har ya kai. To, matuƙan nan biyu duk sai suka sauko ƙasa-ƙasa don kada hanya ta ɓace musu, ashe hanya ɗaya suke bi, wannan ya nufi kudu, wancan ya nufi arewa. A saman wani ƙauye na yankin Picardie suka yi taho-mu-gama, mutum bakwai da ke ciki ba wanda ya tsira. Wannan ne karon farko da jiragen haya biyu suka yi karo a sama, maganin da aka fara yi wa abin kuwa na direbobin mota ne: duk matuƙin da ke bin hanya ya riƙe hannun dama.

Tun daga lokacin, sana'ar kula da zirga-zirgar jirage tambaya ɗaya take ta ƙoƙarin amsawa: ina jirgin yake yanzu, kuma wa ya faɗa? Rabin tambayar na biyu shi ne mai wuya.

Da farko ido ne shaida. A 1920 aka kafa wa filin jirgin Croydon na Landan wata 'yar rumfar katako a kan dogayen ƙafafu, da tagogi ta kowane ɓangare, ita ce kakar duk hasumiyoyin filayen jirgi na yau. A Amurka kuwa, birnin St. Louis ya ɗauki wani matashi mai suna Archie League aiki a 1929. Kullum da safe sai ya turo baro zuwa bakin titin jirgi, a ciki akwai kujera, da lema, da ruwan sha, da abincin rana, da littafin rubutu, da tutoci biyu. In ya ɗaga ja, matuƙi ya dakata. In ya ɗaga mai zanen dara, bismilla. Da jirgi ya ɓace wa ganinsa kuma, aikinsa ya ƙare, saura na Allah ne da matuƙi.

A Amurka rediyo ya shiga hasumiya a Cleveland a 1930. Amma matsalar tsakanin gari da gari tana nan, har kamfanonin jirage suka gaji da ganin jiragensu na kusan gogar juna a cikin gajimare, suka haɗa kai suka buɗe ɗakin lura da hanya na farko a Newark a ƙarshen 1935, gwamnati ta karɓe shi a shekarar da ta biyo. Wanda ya shiga ɗakin nan ba zai ga wata na'ura ta a zo a gani ba. Baƙin allo ne da alli, da faffaɗar taswira a kan tebur, da wayar tarho. Matuƙi ya gaya wa ma'aikacin rediyon kamfaninsu cewa ya wuce wuri kaza a tsawo kaza, shi kuma ya bugo waya, jami'i ya rubuta a allo, sannan ya tura wani ɗan ƙarfe da ke wakiltar jirgin gaba kaɗan a kan taswira. Tsakanin rahoto da rahoto sai lissafi: gudunsa kaza, iska na kaɗawa ta nan, don haka war haka ya isa can. Ma'ana, jami'i ba ya ganin jirgi. Maganar matuƙi yake riƙewa, matuƙin ma sau da yawa kintace yake yi.

Ƙasar Hausa ba ta makara wajen shiga wannan labari ba. Ran 1 ga Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Masar sun ratso Sudan da Chadi, a 1936 kuma jirgin haya ya fara zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano. Da ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Chicago a Disambar 1944, wadda ta haifi hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, sai aka yanka sararin samaniya gunduma-gunduma, kowace da mai kula da ita. Ta Najeriya har gobe sunan Kano take amsawa a taswirar matuƙa, duk da cewa cibiyoyi biyu ne ke riƙe da ita, Kano da Legas. Ƙasashe rainon Faransa kuwa dabara suka yi tun kafin su gama karɓar 'yanci: a Disambar 1959, a garin Saint-Louis na Senegal, suka kafa hukuma guda, ASECNA, ta riƙe musu sama gaba ɗaya. Yamai da Njamena na cikin manyan cibiyoyinta, makarantarta ta horar da masu wannan aiki ma a Yamai take, kamar yadda ta Najeriya take a Zariya tun 1964.

Abin da ya kawo ƙarshen dogaro da baki, aƙalla a ƙasashe masu hali, jini ne. Ran 30 ga Yunin 1956 jirgin kamfanin TWA da na United suka tashi daga Los Angeles, minti uku tsakaninsu, ɗaya zai je Kansas City, ɗaya Chicago. Dukansu suka bar hanyoyin da ake lura da su, suka shiga sararin da doka ta ce kowane matuƙi ya kula da kansa. A ƙafa 21,000, a saman kwazazzabon Grand Canyon, suna kewaye gajimare, suka haɗu. Mutum 128 suka mutu. Amurkawa suka farka da labarin cewa yawancin samansu ba mai ganinsa. Bayan shekara biyu majalisa ta kafa hukumar kula da jiragen sama, FAA, aka zuba kuɗi wajen sayen rada, na'urar da aka gada daga yaƙin duniya na biyu.

Aikin rada irin na maigadi ne da tocila cikin dare: ya haska, duk abin da hasken ya faɗa a kai ya gan shi, ko abin ya so ko bai so ba. Faranti ne ke juyawa yana harba igiyar rediyo, in ta bugi jikin jirgi ta dawo, sai a lissafa nisa daga lokacin da ta ɗauka. Daga baya aka sa wa jirage na'urar amsa kira, wadda in rada ta taɓa ta za ta mayar da lambar jirgin da tsawon da yake. A karon farko jami'i ya sami shaidar da ba ta fito daga bakin matuƙi ba, tazarar da ake bari tsakanin jirgi da jirgi ta sauko zuwa kilomita tara ko ƙasa da haka.

Sai dai tocilar nan ba ta haska bayan tudu. Igiyar rada a miƙe take tafiya, duniya kuwa a dunƙule take, saboda haka bayan kilomita ɗari huɗu ko makamancin haka jirgi ya faɗa bayan doron ƙasa ke nan. Ba a dasa rada a tsakiyar teku. A tsakiyar Sahara ana iya dasawa, amma wa zai kai mata wuta, wa zai tsare ta, wa zai je gyara? Shi ya sa har shekarun baya-bayan nan kusan kashi 70 cikin 100 na sararin duniya ba wata na'ura da ke ganinsa. Jirgin da ya ɗauki mutum ɗari uku daga Landan zuwa New York, da zarar ya bar gaɓar Ireland, tsarin ɗakin Newark na 1935 ake komawa: matuƙi ya kira ta rediyo mai dogon zango, cikin ƙara da shuuu, ya karanta inda yake duk bayan ya ƙetare digiri goma, wani ya rubuta ya miƙa wa jami'i a cibiyar Prestwick ko ta Gander. Tun da ba a gani, sai a bar tazara mai yawa, minti goma tsakanin na gaba da na baya, wanda a gudun jirgi ya haura kilomita 140.

A saman Afirka abin ya fi haka. Akwai wuraren da rediyon ma ba ya kaiwa, ko saƙon tashin jirgi bai isa cibiya ta gaba ba, har ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya ta ware wa matuƙa wata tasha, 126.9, inda kowa ke shelanta wa 'yan uwansa sunansa da tsawonsa da inda ya dosa, kowa ya zama ɗan sandan kansa. Ran 13 ga Satumbar 1997 wani jirgin sojan Jamus da ya sha mai a Yamai ya nufi Windhoek ta Namibiya, a tsawon da bai dace da mai tafiya ta wannan fuska ba. Jami'an Namibiya ba su san yana tafe ba. A gaɓar tekun ƙasar ya yi karo da jirgin sojan Amurka, mutum 33 suka halaka. Najeriya ta toshe nata ramin ne a 2010, lokacin da aka ƙaddamar da rada a wurare tara, har da Kano da Maiduguri da Numan da Talata Mafara. Amma Nijar da Chadi da Mali, masu faɗin hamada, ba lissafin da zai ba su irin wannan.

Mafita ta fito daga inda ba a zata ba, wato yaƙin cacar baka. Ran 1 ga Satumbar 1983 jirgin Koriya ta Kudu mai lamba 007, da ya taso daga New York ya yada zango a Anchorage, ya kauce hanya da ɗaruruwan kilomita ba tare da matuƙansa sun ankara ba, ya kutsa sararin Tarayyar Sobiyet. Jirgin yaƙi ya harbo shi kusa da tsibirin Sakhalin, da mutum 269. Makonni biyu bayan haka fadar Shugaba Reagan na Amurka ta ce in an gama tsarin taurarin da sojan Amurka ke haɗawa tun 1978, za a bar farar hula su yi amfani da shi. Shi ne GPS. A shekarar nan ta 1983 ce kuma ICAO ta naɗa kwamitin da zai duba makomar sana'ar, wanda shawararsa ta fito a taƙaice: gaba tana sama, a rage dogaro da ƙarafan da ke ƙasa. Ƙasashe suka amince da haka a 1991.

Yadda GPS ke aiki bai kai yadda ake tsoronsa ba. Taurari ne aƙalla 24 a nisan kilomita 20,200, kowane da agogon da ba ya kuskure, ba abin da yake yi sai shela: ni ne wane, ina wuri kaza, yanzu ƙarfe kaza. Na'urar da ta ji huɗu daga cikinsu, ta auna jinkirin isowar kowane saƙo, ta san inda take. An kammala tsarin a 1995, shekarar da kamfanin Qantas ya fara ratsa tekun Pasifik da jirgin da ke aika matsayinsa da kansa ta tauraro, matuƙi da jami'i kuma suna musayar rubutaccen saƙo maimakon ihu a rediyo. Da gangan sojoji suka riƙa gurɓata siginar farar hula har kuskurenta ya kai mita ɗari, sai a Mayun 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina.

Gwajin da ya sauya sana'ar ba a manyan birane aka yi shi ba. A yammacin Alaska aka yi, a kewayen wani gari mai suna Bethel, inda ƙauyuka ba su da hanyar mota, buhun gari da majinyaci da wasiƙa duk a ƙaramin jirgi suke tafiya, rada ba ta gani ƙasa-ƙasa, haɗari kuwa ya zama ruwan dare. Daga 1999 hukumar FAA ta sa wa jirage wajen ɗari biyu wata na'ura kyauta. Jirgi ya karɓi matsayinsa daga GPS, sannan ya riƙa watsa shi kowane sakan ga duk mai kunnen ji: lambarsa, tsawonsa, gudunsa, inda ya fuskanta. A ƙasa ba a buƙatar faranti mai juyawa, 'yar eriya ce da akwati, kuɗinsu bai kama ƙafar na rada ba. Matuƙi ma yana ganin maƙwabtansa a allon gabansa. Cikin 'yan shekaru haɗari a tsakanin jiragen da aka sa wa na'urar ya ragu da kusan rabi. Sunan tsarin ADS-B. Ostareliya, mai hamada kamar tamu, ta shimfiɗa shi a faɗin ƙasarta a 2009, Amurka kuma ta wajabta shi a yawancin sararinta daga 1 ga Janairun 2020. (Duk wanda ya taɓa bin jirgin alhazai a wayarsa ta manhajar Flightradar24, yana kallon ɗan hoton na matsawa daga Kano zuwa Jidda, wannan shelar yake saurare.)

Saura teku, inda ba wurin kafa eriya. Ran 1 ga Yunin 2009 jirgin Air France 447 daga Rio zuwa Paris ya yi sallama da jami'an Brazil, ya kamata ya gaisa da na Dakar, bai gaisa ba. Tun da shirun rediyo a wannan yanki ba baƙon abu ba ne, an ɗauki sa'o'i kafin hankali ya tashi, alhali jirgin ya riga ya faɗa ruwa da mutum 228. Sai a Afrilun 2011 aka gano gangar jikinsa a zurfin kusan mita 4,000. A Maris na 2014 kuma jirgin Malesiya MH370 ya ɓace da mutum 239. Jama'a suka yi ta mamakin yadda za a iya gano wayar hannu da aka sace amma a rasa jirgi sukutum, kuma suna da gaskiya.

Amsar ita ce a ɗauki eriyar nan ta Bethel a kai ta sama. Kamfanin Aireon ya maƙala na'urar sauraron ADS-B a jikin sababbin taurarin Iridium guda 66 da ke zagaye duniya a nisan kilomita 780, ya fara aiki a 2019. A arewacin tekun Atlantika, inda fiye da jirage dubu ke ƙetarawa kullum, labarin jirgi da a da yakan zo duk bayan minti goma sha huɗu ya koma zuwa duk bayan 'yan sakanni, tazarar gaba da baya ta sauko daga kilomita 74 zuwa 26. Amfanin ba a tsaron rai kaɗai ya tsaya ba: jirgin da aka bari ya hau tsawon da ya fi masa, ya bi inda iska za ta tura shi, man da zai sha ya ragu. ASECNA, mai riƙe da sararin da ya kai murabba'in kilomita miliyan 16, ta rattaba hannu da kamfanin tun 2018. Jami'in da ke zaune a Yamai yau yana iya ganin jirgin da ke ratsa hamadar Tenere a allonsa ba tare da an dasa ko ƙusa a cikin rairayi ba. In akwai yankin da wannan fasaha ta fi yi wa rana, to irin namu ne, wanda zamanin rada ya tsallake. Tun kafin a buɗe tsarin a hukumance ma ya nuna kansa: da jirgin Ethiopian Airlines ya faɗi a Maris na 2019, bayanan da taurarin suka ɗauka na hawa da saukarsa ne suka nuna kamanninsa da wani haɗari da aka yi a Indonesiya watanni biyar baya, suka sa Kanada da Amurka dakatar da Boeing 737 MAX, samfurin jiragen biyu da suka faɗi.

Wajen sauka kuwa GPS tsurarsa bai isa ba, don kuskuren 'yan mitoci a kusa da ƙasa ba abin wasa ba ne. Tsohuwar hanya ita ce a kafa wa kowane bakin titi na'urar da ke jan jirgi har ƙasa, mai tsada, mai son gyara da awo a kai a kai, shi ya sa ƙananan filaye ba su da ita. Duk wanda ya taɓa kwana a filin jirgi a watan Janairu saboda hazon hunturu ya san sakamakon. Sabuwar hanya ita ce a baza tashoshi a ƙasa waɗanda aka san ainihin inda suke, su auna kuskuren GPS, a aika gyaran ta wani tauraro zuwa ga jirage, tare da gargaɗi cikin sakanni in siginar ta lalace. Amurka ta fara nata a 2003, Turai ta buɗe wa jirage nata a 2011, Indiya ta biyo. A Satumbar 2020 ASECNA ta fara watsa siginar gwaji ta Afirka, kuma ta tauraron Najeriya, NigComSat-1R, ta watsa ta. Aikin ya fi wuya a nan, domin saman yankunan da ke kusa da tsakiyar duniya ya fi hargitsa igiyar rediyo, musamman bayan faɗuwar rana.

Hasumiyar kanta ta fara barin filin jirgi. Tun Afrilun 2015 jiragen da ke sauka a Örnsköldsvik ta ƙasar Sweden daga wani ɗaki a Sundsvall ake ba su hannu, tafiyar kilomita 150, ta kyamarori. Filin London City ya bi sahu a 2021.

Kada dai a ɗauka komai ya zama sabo. Amurkar da ta ƙirƙiro GPS, ta kuma ƙaddamar da shirin sabuntawa na NextGen tun 2003, a 2025 shugabannin FAA da bakinsu suka gaya wa majalisa cewa har yanzu akwai wuraren da ake aiki da faifan kwamfuta na zamanin da, da 'yan tsiri-tsirin takarda da jami'i ke rubuta bayanin jirgi a kai ya miƙa wa na kusa da shi. Ran 28 ga Afrilun shekarar, masu kula da jiragen Newark, garin da aka buɗe ɗakin lura da hanya na farko, allonsu ya ɗauke, rediyo ya yi shiru na kimanin sakan 90, jirage na sama. A Yuli majalisa ta ware dala biliyan 12.5 don gyara. Dalilin jan ƙafar ba rashin kuɗi kaɗai ba ne: wannan aiki ne da ba a rufe shi ko na dare ɗaya don a sauya kaya, kuma sabuwar na'ura na da irin nata ciwon. Ran 28 ga Agustan 2023 kwamfutar masu kula da jiragen Birtaniya ta karɓi takardar tafiyar wani jirgi daga Los Angeles zuwa Paris mai ɗauke da wurare biyu masu lamba iri ɗaya, ɗaya a Amurka ɗaya a Faransa. Ta rikice ta kashe kanta, ta ajiyar ma ta bi ta, fasinja fiye da 700,000 suka sha wahala.

Babban abin dubawa dai yana cikin asalin tsarin. Rada ba ta neman izinin jirgi kafin ta gan shi. ADS-B kuwa jirgi ne ke faɗin inda yake, wato an koma riƙe maganar mai tafiya, illa dai yanzu na'ura ce ke magana ba mutum ba. In an kashe ta, kamar yadda na'urar amsa kiran MH370 ta ɗauke, shi ke nan. In kuma an yi mata ƙarya, ƙaryar za ta maimaita da zuciya ɗaya. Siginar GPS kafin ta iso daga nisan kilomita dubu ashirin ta yi rauni ƙwarai, ƙaramar na'ura a ƙasa na iya danne ta, ko ta aika ta jabu. Tun da yaƙin Ukraine da na Gabas ta Tsakiya suka yi zafi, matuƙan da ke bi ta tekun Baltic da Bahar Aswad da gabashin Bahar Rum sun saba ganin allonsu ya nuna musu suna wata ƙasa dabam, ko na'urar gargaɗi ta yi ta ihun su kauce wa dutsen da babu shi. Hukumomin da a da suke gaggawar tumɓuke tsofaffin tashoshin rediyo na ƙasa yanzu suna zaɓen waɗanda za su bari don ranar da sama ta yi shiru.

A Afrilun 2024 jiragen kamfanin Finnair biyu suka isa garin Tartu na Estoniya cikin dare, suka kasa sauka saboda an toshe GPS, filin kuwa ba shi da wata hanyar kusantowa sai ta tauraro. Suka juya Helsinki da fasinjansu. Kamfanin ya dakatar da zuwa garin wata guda cur, har sai da hukumomin Estoniya suka tsara hanyar sauka da ke dogara da tashoshin auna nisa na ƙasa, fasahar da ake amfani da ita tun shekarun 1950. A farkon Yuni jirgin Helsinki ya koma sauka a Tartu.